Abokin Hamayyarmu Ya Faɗa Cikin Badaƙala: Mu Matsa Masa Ko Mu Kame Baki?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Argungu, ina cikin kwamitin yaɗa labarai na yaƙin neman zaɓen wani ɗan takarar shugaban ƙasa, reshen Jihar Kebbi. A 'yan kwanakin nan babban abokin hamayyar gwaninmu ya shiga cece-kuce. Ana zarginsa da karkatar da kuɗin wata kwangila lokacin da yake riƙe da muƙami, har wata jarida ta buga takardu, sannan ga wata murya tana yawo a WhatsApp ana cewa tasa ce yana magana a kan sirrin gidansa. Kwamitinmu ya rabu gida biyu. Matasa sun ce mu ɗauki sojojin baka da mawaƙa mu hana shi sakat har ranar zaɓe, dattawa kuma sun ce mu kame bakinmu kada abin ya juyo kanmu. Da yake ka daɗe a wannan harka, wace shawara za ka ba mu? Allah Ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na gode da tambayarka, amin kuma ga addu'ar da ka yi. Idan na fahimce ka daidai, kana son sanin yadda ɗan takara zai amfana da tuntuɓen abokin karawarsa ba tare da shi ma ya faɗi a wurin ba, kana kuma son in raba gardama tsakanin matasan kwamitinku da dattawansa. Na yi shekaru ina aikin rediyo kafin in koma ba 'yan takara shawara kan yaɗa labarai tsakanin Gusau da Birnin Kebbi, kuma ban taɓa zama a kwamitin da ba a yi wannan muhawara ba. Abin da na gani da idona shi ne, badaƙala tana iya kwance ƙuri'a daga hannun mai ita, amma ba ita ke jefa ta cikin akwatinku ba. Mutumin da ransa ya ɓaci da gwaninsa yana da hanya uku a gabansa, ko ya dawo gare ku, ko ya koma wurin ɗan takara na uku, ko kuwa ya ajiye katinsa a ƙarƙashin katifa ya wuce fadama ranar zaɓe. Idan dabararku ta tsaya ga ɓata masa rai da gwaninsa kawai, to biyu daga cikin hanyoyin nan uku ba su amfane ku da komai ba, ɗayarsu ma wani kuka yi wa aiki kyauta.

Abin da zaɓuɓɓukan baya suka nuna

Mu fara da misalin da kowa a yankinmu yake tunawa. A farkon 2015, ana saura 'yan makonni a fita zaɓe, jam'iyyar PDP mai mulki ta ɗora babban kaso na yaƙinta a kan takardar shaidar kammala sakandare ta Janar Muhammadu Buhari. Maganar tana da madogara a doka, domin sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sharɗanta cewa mai neman shugabancin ƙasa ya kasance ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Rundunar soja ta fito ta ce ba ta riƙe da ainihin takardun nasa, tsohuwar makarantarsa ta Katsina kuma ta fitar da sakamakon jarrabawarsa ta 1961, aka shafe makonni ana musayar zafafan kalamai a jaridu da talabijin. A cikin watan Janairu na shekarar ne gwamnan Ekiti na lokacin, Ayodele Fayose, ya sayi shafin farko na wasu jaridu, ya jera hotunan shugabannin ƙasa 'yan Arewa da suka rasu a kan mulki, ya sa na Buhari a ƙarshe da alamar tambaya. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 28 ga Maris, Buhari ya samu 15,424,921, Shugaba Goodluck Jonathan ya samu 12,853,162, a Kebbi da Zamfara kuwa ƙuri'un Buhari sun ninka na Jonathan fiye da sau huɗu a kowacce.

Ya kamata ku tsaya a kan dalilin da ya sa harin bai ci ba. Babu manomi a Gummi ko masunci a Yawuri da ya ƙudurta zaɓen Buhari saboda yawan takardunsa na boko. Masu goyon bayansa sun yi imani ne cewa ba ya cin dukiyar jama'a, kuma a matsayinsa na tsohon soja zai iya da Boko Haram. Zargin takarda bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai biyu ba, don haka duk ihun da aka yi a kansa ya wuce ta saman kan jama'a. Tallar nan ta mutuwa kuwa, a wurin mutanen da suka taso da sanin cewa ajali na Allah ne, ta zama mugun fata a fili, ta kuma sa wanda da bai damu ba ya ji an ci fuskarsa shi ma.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a Faransa a 2017. Tsohon firaminista Francois Fillon shi ne ake ganin zai lashe zaɓen, kuma ya gina takararsa a kan cewa shi mutum ne mai tsafta wanda zai tsuke bakin aljihun gwamnati. A watan Janairu wata jarida ta bankaɗo cewa an daɗe ana biyan matarsa albashi daga kuɗin jama'a a matsayin mataimakiyarsa a majalisa, ba tare da an ga aikin da ta yi ba. A zagayen farko a watan Afrilu ya zo na uku, ya fice daga takarar. Wanda ya fi cin moriyar faɗuwarsa shi ne Emmanuel Macron, wanda bai mayar da badaƙalar jigon yaƙinsa ba, sai dai manufofinsa na tattalin arziki sun kasance inuwar da yawancin waɗanda suka juya wa Fillon baya za su iya fakewa a ciki. A Amurka kuwa, a watan Oktoba na 2016, wani tsohon faifai ya fito inda aka ji Donald Trump yana kalaman batsa a kan mata, da yawa suka ɗauka takararsa ta mutu, amma bayan wata ɗaya ya ci zaɓe, domin masu zaɓensa tun farko ba don kamun kai suka bi shi ba. Don haka tambayar farko da za ku yi wa kanku ita ce, shin wannan zargi ya karya abin da magoya bayan mutumin nan suka yarda da shi a kansa, ko kuwa abu ne da sun daɗe da saninsa sun kuma yafe?

Zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ya fi kusa da mu, ya kuma fi nuna hanyoyin nan uku da na ambata. Babu ɗan takarar da aka yi wa ca da zarge-zarge kamar Bola Ahmed Tinubu, daga batun karatunsa a Chicago, zuwa lafiyarsa, zuwa ɗaukar Musulmi ɗan'uwansa Kashim Shettima a matsayin mataimaki. Duk da haka hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana shi da ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar da 6,984,520, Peter Obi da 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso da 1,496,687. Wato waɗanda ba su zaɓi Tinubu ba sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa nesa ba kusa ba, amma sun watsu gida uku. Ga kuma masu zama gida, domin daga cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. A nawa ganin, rikicin cikin gida na PDP da gwamnoninta biyar ƙarƙashin Nyesom Wike ya cutar da Atiku fiye da yadda duk zarge-zargen nan suka cutar da Tinubu. A nan gida ma akwai abin lura. Atiku ne ya ci Kebbi, Tinubu ya ci Zamfara, amma da aka zo zaɓen gwamnoni sai abin ya juye, Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci Bello Matawalle a Zamfara, Nasir Idris Kauran Gwandu na APC ya ci Kebbi bayan zaɓen cike gurbi. Mutanen da suka raba ƙafa haka cikin makonni kaɗan ba jaridun Legas da Abuja suke bi ba. Lissafinsu na gida ne, kuma sun san abin da suke yi.

Kafin kowa ya buɗe baki

A cikin tambayarka ka haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa su ba, wato takardun kwangila da muryar WhatsApp. Na farko ya shafi amanar jama'a, na biyu ya shafi sirrin gidan mutum. Shawarata a kan muryar gajera ce: kada ku taɓa ta, kada ku tura ta, kada kuma ku bari wani da aka san yana cin abinci a ofishinku ya tura ta. A yau da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar kowa cikin 'yan mintuna, kuma ko da ta tabbata tasa ce, abin da ke tsakanin mutum da iyalinsa ba shi ne ya hana taki isowa Suru ba. Mu Musulmi muna da umarni bayyananne a cikin Suratul Hujurat, aya ta 6 ta ce a nemi tabbaci idan fasiƙi ya zo da labari, aya ta 12 kuma ta hana yawan zato da binciken asirin mutane da giba. Malamai irin su Imam Nawawi sun ambaci wuraren da aka halatta faɗin aibin mutum, daga ciki har da yi wa jama'a gargaɗi a kan mai riƙe da amanar da ba ya tsare ta, amma wannan izini ne na nasiha da gaskiya gwargwadon buƙata. Iyakarsa a aikace, ku zauna da malamin da kuka amince da iliminsa ya fayyace muku, domin wannan fagensu ne. Ni dai abin da zan ƙara daga fagena shi ne, matan aure da dattawa, waɗanda su ne ke haƙurin tsayuwa a layi tun safe har la'asar, suna ƙyamar wanda ya tona asirin gida fiye da yadda suke ƙyamar wanda aka tona wa.

Takardun kwangila kuwa abin dubawa ne da gaske, amma buga su a jarida bai mayar da su gaskiya ba. A nan zan ba ka labarin kuskuren da na yi da hannuna, wanda har yau nake nadamarsa. A wani zaɓen majalisar tarayya da na yi wa wani ɗan takara aiki, wani mutum ya kawo mana kwafin takardar biyan kuɗi da ke nuna cewa an biya wani kamfani mai ɗauke da sunan abokin hamayyarmu kuɗin gina rijiyoyin burtsatse a wasu ƙauyuka, ya ce kuma ba a gina ko ɗaya ba. Lokaci ya ƙure, zuciya ta ɗebe mu, ni ne na sa hannu aka karanta ta a rediyo a daren. Ban tura kowa ƙauyukan ba, ban kuma sa lauya ya bincika rajistar kamfanin ba. Bayan kwana biyu sai ɗaya ɓangaren ya kawo masu unguwanni biyu suka shaida cewa rijiyoyinsu suna nan ana ɗiban ruwa, sannan ta bayyana cewa kamfanin na wani ne mai suna irin nasa. Sauran makonnin da suka rage mun ƙare su muna kare mutuncinmu, shi kuwa ya zama wanda aka yi wa yarfe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga baya mun samu wata magana ta gaskiya mai nauyi a kansa, da hujjojinta cikakku, amma da muka fito da ita babu wanda ya saurare mu, domin mun riga mun kashe amincin da za mu sayar da ita da shi. Mun kuma zalunci mutum a kan abin da bai aikata ba, kuma wannan ya fi faɗuwa zaɓe nauyi.

Saboda haka ku ɗauki kwana biyu ko uku kuna bincike kafin ku ce uffan. A nemi lambar rajistar kamfanin da sunayen masu shi a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a duba ko aikin yana cikin kasafin kuɗin shekarar da aka ce, a tura mutum da kyamara ya tsaya a wurin da ya kamata aikin ya kasance. A kuma bambanta matakan magana, domin "jarida ta ce" daban, "EFCC ta gurfanar da shi" daban, "kotu ta same shi da laifi" kuma daban. Wanda ya kira mutum ɓarawo alhali yana mataki na farko ya buɗe wa kansa ƙofar ƙarar ɓata suna. A cikin waɗannan kwanakin kuma ku juya madubi ga naku gwanin, da gaskiya ba da son rai ba. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Idan ɗan takararku ya taɓa riƙe muƙami yana kuma da tasa kwangilar da ba a kammala ba, ku sani ranar da kuka buɗe wannan babi ita ce ranar da za a buɗe nasa, kuma idan aka kai ga jama'a suka ce "duk kanwar ja ce", wanda ya fi asara shi ne wanda ya shigo da sunan canji.

Wa zai yi magana, kuma da wane harshe

Idan bincike ya tabbatar da cewa maganar tana da ƙashi, to shirun da dattawanku suke so ba zai yiwu gaba ɗaya ba. Wanda ke neman a ba shi baitulmalin ƙasa, aka ce an ci dukiyar jama'a ya yi gum, za a ɗauka ko dai bai damu ba ko kuwa da shi aka ci. Amma ɗan takarar da kansa ya yi magana kaɗan, sau ɗaya ko biyu, cikin natsuwa, a siffar tambaya mai neman amsa: ga abin da takardu suka nuna, jama'a suna da haƙƙin jin bayani, hukumomi su yi aikinsu. Daga nan ya koma kan abin da zai yi wa mutane. Bibiyar bayanai dalla-dalla aikin mai magana da yawun kwamiti ne da lauyoyi, su ma da takarda a hannu. Duk ranar da gwaninku ya hau mumbarin gangami ya shafe rabin jawabinsa yana ambaton sunan abokin hamayya, ya ba shi rabin filin da kuka kashe kuɗi kuka tara.

Inda aikinku na reshen jiha yake da muhimmanci shi ne fassara. Biliyan kaza da aka ce ta ɓace ba ta da siffa a idon mai sauraro, domin ya saba jin irin waɗannan alƙaluma har sun daina girgiza shi. Abin da ke da siffa shi ne hanyar da ake kwana a kanta da damina, da asibitin da babu maganin maciji, da buhun takin da ya gagari mai noman shinkafa a fadamar Argungu, da kuɗin da manomi a Maru ko Tsafe yake biyan 'yan bindiga kafin a bar shi ya girbe gonarsa. Mutanen da aka kwashe 'ya'yansu a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da na Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na shekarar, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da sakacin masu mulki ke haifarwa. Idan zargin ya shafi kuɗin da aka ware don wani abu makamancin waɗannan, ku nuna dangantakar a fili, sannan nan take ku faɗi abin da naku gwanin zai yi daban da yadda za a iya kama shi idan bai yi ba. Idan kuwa babu dangantaka, kada ku ƙaga ta, kada kuma ku yi amfani da hawayen iyayen da aka sace wa 'ya'ya a matsayin ado ga jawabi.

Game da sojojin baka da mawaƙa, ban ce a kore su ba, domin rediyo da waƙa suna shiga inda jarida ba ta zuwa. Matsalarsu ita ce ana biyan su ne gwargwadon zafin bakinsu, kuma idan maganar kwangila ta ƙare musu sai su gangara kan uwa da uba da asali da aƙida. Duk wanda za ku ɗauka, ku ba shi takarda guda mai ɗauke da abin da aka tabbatar da abin da aka hana, wanda ya tsallake a dakatar da shi a fili. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta haramta a sashe na 92 kalaman cin zarafi da za su taɓa addini ko ƙabila ko ɓangare, ta kuma hana amfani da wuraren ibada wajen tallata ɗan takara ko sukarsa. Don haka ku bar limamai da mumbarinsu, ku bar sarakuna da rawaninsu. Wannan ya wuce tsoron hukunci. Bayan zaɓen Afrilu 2011 an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙididdige, kuma irin wannan wuta ba ta tashi sai an daɗe ana tara mata itace da baki.

Akwai kuma lissafin ƙasa baki ɗaya da ku 'yan reshen jiha kuke yawan mantawa. Sashe na 134 ya ce bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya Abuja. Kalmar da aka faɗa da Hausa a filin gangami a Jega don a ji daɗi, kafin magariba an fassara ta an watsa ta a Inugu da Binuwai, kuma tana iya hana gwaninku kason da yake nema a can.

Hanyar kotu

Wasu badaƙalolin ba a filin gangami ake cin moriyarsu ba. Mu 'yan wannan yanki mun ga haka ƙarara a 2019, lokacin da rikicin APC a Zamfara tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana a yi sahihin zaɓen fidda gwani. Jam'iyyar ta lashe zaɓen gama-gari da tazara mai yawa, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'unta sun tafi a banza, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. A Bayelsa ma, ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon saboda matsalar takardun mataimakinsa. Sai dai wannan hanya tana da ƙa'idojin lokaci masu tsauri. Ƙarar da ta shafi abin da ya faru kafin zaɓe kwana 14 gare ta, ta bayan zaɓe kwana 21 daga bayyana sakamako, kuma a ƙarƙashin dokar 2022 wanda ya shiga zaɓen fidda gwani na jam'iyyar ne kawai ke da hurumin ƙalubalantar bayanan ƙarya da ɗan takararta ya miƙa. Ka tuna cewa takardun karatun Tinubu da lauyoyin Atiku suka samo daga jami'ar Chicago State, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓarsu a hukuncinta na 26 ga Oktoba 2023 saboda sun zo a makare. Zargin kwangila irin wanda ka kawo, muddin ba a kai ga hukuncin kotu ba, da wuya ya hana mutum takara, amma ni ba lauya ba ne, kuma ana yi wa dokokin zaɓe gyara lokaci zuwa lokaci, don haka lauyoyin jam'iyya ne za su duba nassin da ke aiki a yau.

Inda ƙuri'ar za ta sauka

Ku sa rai cewa abokin hamayyarku ba zai zauna ya naɗe hannu ba. Zai ce bi-ta-da-ƙulli ne, zai ce ana yi masa haka don yankinsa ko addininsa, zai nemo wani abu ya jefa don a sauya magana. Ƙwararren ɗan siyasa yana iya mayar da matsalarsa makami. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya kamata ya zama babbar masifa ga jam'iyya mai mulki, Tinubu ya tsaya a Abeokuta ya nuna cewa shi ake nufi da ƙarancin kuɗi da na fetur, gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara kuma suka kai gwamnatin tarayya ta jam'iyyarsu Kotun Ƙoli. Da haka suka raba kansu da fushin jama'a. Gwargwadon yawan taron dangin da kuka yi wa mutum, gwargwadon sauƙin da zai samu wajen sanya rigar wanda aka zalunta, mutanenmu kuwa suna da tausayin wanda aka yi wa rubdugu.

Abin da na fi so ka ɗauka daga wannan amsa ya shafi magoya bayansa. Su ne kuke nema, amma su ne matasanku suka fi zagi a Facebook. Mutumin da ya yi shekaru yana bin wani, ya sa hularsa, ya yi faɗa da 'yan'uwansa a kansa, ba zai sauya sheƙa zuwa gidan da ake kiransa jahili ko ɗan kwangila ba. Yana buƙatar hanyar dawowa da mutuncinsa, ya iya cewa "an yaudare mu ne" ba tare da an yi masa dariya ba. Wannan aiki ba a rediyo ake yinsa ba. A zaure ake yinsa bayan isha'i, da a gidan suna, da wajen ta'aziyya, ta bakin wanda yake jin kunyarsa. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225. A kowace mazaɓa akwai mutum biyu ko uku na ɗaya ɓangaren da idan suka yi sanyi akwatuna da dama za su yi sanyi, kuma shugabannin mazaɓunku sun san su da suna. Wannan ne lokacin kai musu ziyara cikin girmamawa, ba tare da kyamara ba, a saurari ƙorafinsu kafin a nemi komai.

Domin ku san ko maganar ta ma isa ga jama'a, ku yi abin da muka koma yi bayan kuskuren da na ba ka labari. Mukan tura mutane marasa hular jam'iyya su zauna a teburin mai shayi, da tashar mota, da kasuwanni irin na Jega da Kamba, mata kuma su shiga gidajen biki, da yamma kowa ya kawo abin da ya ji da kalmomin da aka faɗe shi, ba da fassararsa ba. Sau da yawa mun tarar cewa abin da ya hana 'yan intanet barci bai ko tsallaka bakin gari ba, mutane farashin masara da rufe iyakar Nijar suke tattaunawa. Idan bayan mako guda haka rahotonku ya nuna, ku rage murya a kan badaƙalar ku koma inda hankalin mutane yake. Idan kuwa kuka ji magoya bayansa da kansu suna tayar da maganar cikin damuwa, to ta kama, kuma abin da ya rage muku shi ne ku bar ta ta yi aikinta kuna buɗe ƙofa.

Ban ga takardun da kake magana a kansu ba, ban kuma san saura makonni nawa a yi zaɓe ba, kuma wannan yana sauya lissafi, domin zargin da ya fito da wuri yakan huce kafin ranar ƙuri'a, wanda ya fito a makon ƙarshe kuma jama'a sukan ɗauke shi a matsayin yarfen siyasa. Gogewata ta Arewa maso Yamma ce, babbar dabarar ƙasa kuwa hedikwatar yaƙin neman zaɓenku ce za ta tsara ta, bai kuma kamata reshen jiha ya riga ta magana a kan zargi mai nauyi irin wannan ba. A zamanku na gaba, ka roƙi shugaban kwamiti ya ba matasan aikin binciken takardun da sauraron kasuwanni, ya ba dattawan aikin ziyarar jagororin ɗaya ɓangaren mazaɓa bayan mazaɓa, a rubuta dokar hana tura muryar nan kowa ya sa hannu, sannan a sake haɗuwa bayan kwana bakwai da rahoton ɓangarorin biyu kafin a biya ko sisi ga mawaƙi ko gidan rediyo. Allah Ya yi mana jagora, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Ka gaishe mini da mutanen Kabi.